Polimata ta ƙi zama ƙwayoyin nano, farau-farau kawai nake samu

Autar Famasi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin polima ku agaza min, wata biyu ke nan ina fama da abu ɗaya. Digiri na biyu nake yi a fannin haɗa magunguna, aikina kuma shi ne in ɗura kurkumin, sinadarin nan mai launin rawaya da ke cikin gangamau, a cikin ƙananan ƙwayoyin polima don ya zauna cikin ruwa. Da hannuna na haɗa polimar. Na ɗauki polimar PEG mai nauyin sarƙa 2,000, na zuba masa kafrolakton da ɗigon sinadarin kuza mai hanzarta haɗin, na bar shi a zafin digiri 120 kwana guda. A lissafina gaɓar PCL, wato sarƙar da kafrolakton ya ƙulla, ta kai nauyin 10,000. Ya fito fari kamar kakin kyandir. Na narka miligiram 250 a mililita 5 na asiton, na tuttula ruwa a kai. Abin da ake cewa zan gani shi ne ruwa garau mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ni kuwa fari fat ya yi kamar farau-farau, kafin safiya laka ta kwanta a gindin kwalba. Sau shida ina maimaitawa. Ina kuskurena yake?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu je kan kwalbarki bari in ɗan share fage, domin na san ba kowa ne fanninsa ba a nan.

Polima doguwar sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan ƙwayoyi masu maimaita kansu. Wadda muke magana a kanta mai gaɓa-gaɓa ce: sashe ɗaya na sarƙar iri guda, ɗaya sashen wani iri dabam, an ɗaure su wuri ɗaya ba rabuwa. PEG ɗinki mai son ruwa ne. PCL kuwa shi da ruwa ba sa ga maciji. Idan suka shiga ruwa PCL yana son ya ware kamar yadda man gyaɗa ke yi, amma ga PEG ɗaure a ƙugunsa. Sai sarƙoƙi da yawa su haɗa kai, masu gudun ruwa su dunƙule a tsakiya, masu son ruwa su bazu a waje kamar gezar zaki. Ba wanda ya jera su, su suke jera kansu. Wannan dunƙule shi ake kira maisel, galibi faɗinsa nanomita 20 zuwa 100 ne, alhali kaurin silin gashi ɗaya yana kai wa wajen nanomita 80,000. Maganin da ba ya narkewa a ruwa sai ya shige tsakiyar ya fake.

Aikin mai haɗawa aikin tela ne, awo ne gaba ɗayansa. Geza doguwa a kan ɗan ƙaramin ciki, dunƙule za ki samu. Ki rage gezar, su miƙe su zama kamar tsutsa. Ki ƙara ragewa, su shimfiɗe su naɗe su zama 'yar salka, ruwa ciki ruwa waje. Adi Eisenberg na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna waɗannan siffofi a 1995, sannan a 1999 Dennis Discher da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka yi salkar polima da ta fi ta kitse juriya nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce: idan sashe mai son ruwa ya kai wajen kashi 35 cikin 100 na nauyin sarƙar, salka ce, idan ya haura 45, dunƙule. Ke naki 2,000 cikin 12,000 ne, bai cika kashi 17 ba. Gezar ta yi gajarta, ba ta iya rufe cikin. Ki nemi PEG mai 5,000 ki ba shi PCL mai 5,000.

Ɗan Ƙetare:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayanin ya fita. Amma ina neman izini in ɗan saɓa a kan ƙarshen. Ƙa'idar kashi 35 an samo ta ne daga polima masu laushin ciki, irin na roba, waɗanda sarƙoƙinsu ke iya motsi su gyara zama. PCL ba haka yake ba. Yana daskarewa ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, sai wajen digiri 60 yake narkewa. A Pennsylvania ɗin dai, a 2006, an samu salka da PEG 2,000 da PCL 12,000, wato kashi 14 kacal, ta hanyar jiƙa siririn fatar polimar da ruwan zafi. Don haka awon da ƙanwata ta yi bai isa shi kaɗai ya zama laifin ba.

Ni wurare biyu nake zargi. Na farko, yadda polimar ta haɗu da ruwa. Miligiram 50 a kowace mililita ya yi kauri, kuma kin tuttula ruwan a kanta. A wannan hali PCL yana cakumar ɗan'uwansa ya yi gudaji tun kafin PEG ya samu damar jeruwa a waje, kuma da zarar cikin ya daskare shi ke nan, ba gyara. Ki sauko zuwa miligiram 5 ko 10, ki juya tsarin: ruwan ya zama ninki goma yana juyawa da ƙarfi a kan maburgin maganaɗisu, ke kuma kina ɗiga asiton ɗin a ciki da sirinji.

Na biyu, a wane wata kika dafa polimar, kuma kin busar da kayan?

Autar Famasi:
A watan Agusta ne Yaya. PEG ɗin yadda na tarar da shi a kabad haka na auna, kafrolakton kuma kwalbar an riga an buɗe ta tun kafin in zo.

Ɗan Ƙetare:
To ga ɓarawon nan. PEG yana zuƙar laima, ga damina. Duk ƙwayar ruwa da ta shiga tukunyar ita ma tana iya fara tata sarƙar PCL, tsirara, ba PEG a jikinta. Wato abin da ke hannunki wataƙila gauraye ne: polima mai gaɓa biyu da PCL zalla wanda ba shi da geza ko kaɗan. Shi ne lakar da ke kwanta miki. Kuma ki lura, na'urar NMR, mai nuna sinadaran da ke cikin samfur, ba za ta tona wannan cikin sauƙi ba, domin za ta nuna miki PEG da PCL duka suna nan, ba lallai ta gaya miki ko a ɗaure suke ba. Na'urar GPC ce ke tace sarƙoƙi bisa girmansu, a nan za ki ga tudu biyu ko tudu mai kafaɗa. Ki busar da PEG ta hanyar tafasa shi da toluwin ya tafi da ruwan, ki tace kafrolakton a kan kalsiyam haidiraid, kwalabe su kwana a oben.

Tsohon Malami:
Na karɓi maganar laima ɗari bisa ɗari, ya kamata in fara tambayar wannan. Amma ɗana, ban janye batun awo ba. Ita dunƙule ƙanana take so masu ɗaukar magani su daɗe ba su kwanta ba, ba salka ba. Da kashi 17, ko ta yi sa'a ta samu ƙwayoyi, ƙwayoyi ne da aka kama da gaggawa, ba zaman da suka zaɓa wa kansu ba. Ɗalibi ya fara da abin da zai yafe masa kuskure.

Jikar Ardo:
Ni abinci na karanta, amma tun da Baba ya ambaci geza nono ya faɗo min a rai. Madarar shanu cike take da irin wannan abu. Furotin ɗinta da ake kira kesin yana dunƙulewa ƙwayoyi-ƙwayoyi, matsakaicinsu nanomita 150 zuwa 200, kuma a bayan kowanne akwai wani nau'in kesin mai jela mai son ruwa, shi ke hana su mannewa da juna. Kakata idan za ta yi cuku, ganyen tumfafiya take dakawa ta tace ruwan a cikin madara mai ɗumi. Ina tsugune gefen murhu ina kallo, madarar tana nan lumui, can sai ka ga ta fara tsagewa, farin ya tattaru, ruwa mai ɗan kore-kore ya taso. Sai da na je jami'a na gane cewa ruwan tumfafiyar yana ɗauke da sinadari mai yanka furotin, aske gezar yake yi. Kindirmo kuma ta wata hanya yake bi, tsami ne ke ƙaruwa har awon pH ya sauka wajen 4.6, gezar ta kwanta, ƙwayoyin su kama juna. To 'yar'uwa, farau-farau ɗinki cuku ne kika yi ba da niyya ba.

Ɗan Ƙetare:
Wallahi misalin ya zauna daram. Kuma abin da tsami ke yi wa madara shi muke ɗinkawa da gangan. Akwai gaɓa da ake kira PDPA, a pH na jini, 7.4, tana gudun ruwa ta riƙe magani gam. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye dunƙulen ya faɗa aljihunta mai tsami, pH ya sauka ƙasa da wajen 6.3, sai gaɓar ta ɗauki caji ta koma mai son ruwa, dunƙulen ya tarwatse, magani ya fita a inda ake so.

Abin da ya ba mu wannan iko shi ne iya tsayar da tsawon sarƙa. Michael Szwarc ya buɗe ƙofar a 1956 da sarƙar da ba ta mutuwa, idan abincinta ya ƙare ta jira, ka ba ta wani iri ta ci gaba, ka samu gaɓa ta biyu. Amma hanyarsa ba ta jure ɗigon ruwa ko iska. A 1995 Krzysztof Matyjaszewski a Amurka da Mitsuo Sawamoto a Japan suka fito da hanyar da sinadarin ƙarfe ke sarrafa tsawon sarƙar, a 1998 kuma masu bincike na hukumar CSIRO a Ostareliya suka kawo wata hanyar mai suna RAFT, wadda ake iya yi a cikin ruwa.

Da ita nake aiki a nan Ingila, bisa tsarin da Steven Armes na Jami'ar Sheffield ya shahara da shi. Ba asiton, ba ɗigawa. Za ka zuba gaɓa mai son ruwa mai ƙwaya 50 da 'yan kai a cikin ruwa, ka ƙara monoma, wato ƙwayar da ake ƙulla sarƙa da ita, mai suna HPMA, wanda shi kansa yana narkewa a ruwa amma sarƙarsa ba ta narkewa, ka hura iskar naitirojin ka kori oksijin, ka sa a digiri 70. Da farko ruwan garau yake, mai launin hoda saboda sinadarin RAFT ɗin. Kana tsaye za ka ga ya fara hazo, alamar gaɓa ta biyu ta yi tsawon da dole su dunƙule. Idan ka tsaya wajen ƙwaya 90, dunƙule. Wajen 140, tsutsotsi, har su sarƙe ka kifa kwalba abin bai zubo ba. Ka wuce 200, salka, ruwan ya koma fari kamar madara. Wannan mai tsutsar idan ka sa shi a firji ya kai digiri 4 sai ya tsinke ya zama ruwa, domin tsutsotsin sun karye sun koma dunƙule. Ka tace shi da matata ƙwayoyin cuta su maƙale, ka fito da shi ya ɗumama ya sake kamawa. Ranar da na fara ganin haka da idona na daɗe riƙe da kwalbar.

Malama Sinadari:
Tunda an zo kan zafi, ga gargaɗi ga duk mai aiki a ƙasarmu. Shekarun baya na sayo polima mai gaɓar PNIPAM, wadda ke narkewa a ruwa ƙasa da digiri 32, sama da haka ta ƙanƙance ta gudu. Takardun Turai duk cewa suke a zafin ɗaki ruwan garau yake. Na haɗa a watan Afrilu, ba wuta, ma'aunin bango yana nuna 39. Ya yi fari tun a hannuna. Mako biyu ina zaton kayan sun lalace a hanya, har na rubuta wasiƙar ƙorafi. Wata rana na tsoma kwalbar a ruwan randa don in wanke bayanta, ina kallo farin ya washe. Zafin ɗakinsu 20 zuwa 25 ne, namu a bazara ya wuce zafin jikin mutum. Autar Famasi, ki riƙa rubuta zafin ɗaki a littafinki kullum. Naki PCL ba zai yi wannan ba, amma ruwa yana cin sarƙarsa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri.

Mai Kemis:
Ku gafarce ni malamai, ni a kanti nake, tambayata ta kanti ce. Shekara nawa ana wannan bincike, magani nawa ya iso hannun majiyyaci? Abin da na sani, a 2016 rukunin Warren Chan na Toronto sun tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma, suka ga kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ƙwayoyin nano da aka yi allura ke isa ga ƙarin daji, a matsakaici. Sannan ga wanda ya fi taɓa ni: Poloxamer 188, shi ma polima ne mai gaɓa-gaɓa, gaɓa uku, an sa rai zai rage wa masu sikila tsawon ciwo idan ya tashi. Babban gwajin da sakamakonsa ya fito a 2016 bai nuna ya rage ba. Ina da masu sikila da ke zuwa wurina duk wata. Shin ba gara yarinyar nan ta sa ƙarfinta a abin da zai amfane mu gobe ba?

Tsohon Malami:
Tambayarka a kan hanya take, kuma alƙaluman da ka kawo haka suke. An yi zuzutawa da yawa tun bayan da Matsumura da Maeda suka nuna a 1986 cewa manyan ƙwayoyi suna taruwa a ƙarin daji saboda jijiyoyinsa na yoyo. A ɓera abin ya fi bayyana, a mutum bai kai haka ba. Kazunori Kataoka na Tokyo ya shafe shekaru tun ƙarshen shekarun 1980 yana wannan aiki, kuma ba duk abin da ya shiga gwajin asibiti ne ya fita da nasara ba.

Amma kar a auna abin da ma'auni ɗaya. Dubi faklitaksel, maganin sankarar mama. Ba ya narkewa a ruwa, don haka tsohon haɗinsa da man zurma da aka sarrafa da barasa ake yi, man nan kuwa yana tayar wa wasu da borin jini mai tsanani, sai an riga an ba su magungunan kariya. A 2007 Koriya ta Kudu ta amince da Genexol-PM, maganin nan dai a cikin maisel na PEG da wata gaɓa mai gudun ruwa, PLA, ba man zurma. Ko bai nufi ƙarin dajin kai tsaye ba, ya cire wa majiyyaci wata wahala. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa zaman jinyar mai sankara.

Ɗan Ƙetare:
Yallaɓai Mai Kemis, amsar tana kan shiryayyen kantinka. Me kake gaya wa wanda ya sayi Coartem?

Mai Kemis:
Ya sha da madara ko abinci mai maiƙo.

Ɗan Ƙetare:
Saboda lumefantirin da ke cikinsa ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yana iya ninka abin da jiki ke zuƙa har sau 16. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, yana amai, wane maiƙo zai ci? Rukunin Robert Prud'homme a Princeton suna da wata dabara ta harba ruwa biyu su yi karo cikin ƙiftawar ido, da polima mai gaɓa biyu suka fara ta, daga baya suka yi ƙwayoyin lumefantirin da ita. Da suka zo kan maganin zazzaɓi sai suka koma ga kayan rufi masu araha irin su selulos da aka sarrafa da furotin masara, domin PEG da PCL sun yi tsada ga maganin talaka. Ilimin da ƙanwata ke koya da kurkumin shi ne wannan ɗin.

Mai Kemis:
Wannan ya shige ni. Amma ka ga kai ma ka faɗa, da aka zo kan talaka an ajiye mai tsadar. Ina nan a kan cewa duk wanda zai yi aikin nan a gida ya fara da tambayar kuɗi da zafi, ba a ƙarshe ba.

Tsohon Malami:
Akwai abin da ya fi tsada ci mini rai. An taɓa kawo min kundin ɗalibi in duba, daga shafin farko zuwa na ƙarshe nano, nano. Hujjar ita ce hoton madubin ɗakin gwaji na haske. Madubin haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, duk abin da ka gani ɓaro-ɓaro a cikinsa ya wuce girman da kake da'awa. Yaron ba shi da laifi, ba a gaya masa ba. 'Yata, tocilan leza ta naira kaɗan za ta nuna miki jan layi a cikin ruwan idan akwai ƙwayoyi, amma ba za ta faɗi girmansu ba. Kar ki rubuta adadi sai kin auna da DLS, na'urar da ke gane girman ƙwayoyi ta yadda suke watsa haske, in da hali ki haɗa da hoton madubin lantarki.

Autar Famasi:
Salam. Na dawo bayan kwana tara, Allah ya saka wa kowa. Ban samu PEG mai 5,000 ba, sai na rage kafrolakton yadda PCL zai tsaya wajen 2,500. Na busar da komai kamar yadda Yaya ya ce. Miligiram 10 a mililita, na ɗiga cikin ruwa ninki goma, na bar asiton ya fice cikin dare. Da safe ruwan garau, in ka ɗaga shi ta taga akwai shuɗin nan siriri. Na haska leza, jan layi ya ratsa daga gefe zuwa gefe, a ruwan kwatance kuma babu. Ya wuce matata mai ramin nanomita 450 ba tare da na matsa sirinji da ƙarfi ba. Da kurkumin kashi 5 na nauyin polima, rawaya ne tas har yau. Da kashi 20, a kwana na uku na ga ƙananan allurai masu ruwan lemo a ƙasa.

Ɗan Ƙetare:
Alhamdulillahi, barka. Alluran kurkumin ne da ciki ya kasa riƙewa, ki gwada 8 da 12 ki gano iyakar. Sai dai kin canza abu uku lokaci ɗaya, awo da bushewa da hanyar haɗawa. Tsohuwar polimar tana nan?

Autar Famasi:
Tana nan, kuma na gwada ta da sabuwar hanyar. Ba ta yi laka kamar da ba, amma ruwan ya fi fari, kuma matatar ta toshe kafin in kai rabi.

Tsohon Malami:
Wato hanyar haɗawa ta gyara wani abu, ba ta gyara duka ba. Saura a raba tsakanin laima da awo. Ki sake dafa mai 10,000 ɗin da busassun kaya, wannan ne zai yanke mana hukunci ni da ɗana.

Malama Sinadari:
Akwai DLS a inda wata ƙawata ke aiki, zan yi mata magana yau, ki same ni ta akwatin sirri. Ki shirya mililita 2 na kowane samfur, har da na tsohuwar polimar, a kwalba mai murfi da kika ɗauraye da tataccen ruwa, domin ƙura ɗaya tana ɓata awon. Ki sa a kula da ƙanƙara a gefe, amma kar samfurin kansa ya daskare. Ki rubuta ranar da kika haɗa a jikin kowace kwalba.